Ƙugiyar da Ta Faɗi Daga Sunan 'Yata

Jama'a, ranar Larabar makon jiya aka raka ni har bakin ƙofar wani kanti a Neiafu, babban garin tsibirinmu. Ba a ce mini "fita" ba, gaskiya, mutanenmu suna da kunya. Mai kantin dai ya riƙe mini jaka, ya buɗe mini ƙofa, ya ce in gaida mutanen gida, ya kuma tsaya yana kallo har sai da ya ga na tsallaka titi. Laifina shi ne na sa ya sauko da duk wani kibod na kwamfuta da ke kan kantarsa, na buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa a ƙasa da tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu don mutunci da komai, ina gwada su da tafin hannu na kwali. Bayan duk wannan ban sayi ko ɗaya ba.

Bari in yi muku bayanin hannun kwalin da kaina, kafin labarin ya iso muku ta bakin matan ƙungiyar waƙa ta cocinmu, an ƙara masa gishiri. 'Yata ʻOfa shekararta shida. Ranar makaranta ce, ba zan ɗauke ta daga aji ba, don haka da safe na ɗora tafinta a kan kwalin taliya, na zana, na yanke. Na karanta a wani wuri cewa kibod ɗin manya yana wahalar da yatsun yaro, ya yi ta miƙa har ya gaji ya koma dangwala da yatsa ɗaya. Ni kuwa ba zan zuba ido 'yata ta tashi kamar babanta ba, wanda in yana buga saƙo sai ka rantse kaza ce ke tsintar tsaba.

Asalin abin daga wajen manyanmu ya taso, Allah ya ƙara musu girma, ya ƙara wa kujerunsu laushi. Bara ne Kwamitin Wayar da Yatsun Yara ya kawo wa makarantar ƙauyenmu kwamfutoci. Kun san yadda muke yi. Aka gasa aladu, aka tono doyar da ake tattali don bikin coci, mu mata muka fito da tabarmin da muke ɓoyo a ƙarƙashin katifa, yara suka tsaya a rana da furanni a wuya har furannin suka yi yaushi. Can da rana ta karkata Mai Girma Mai Almakashi ya iso. Ya yanke ƙyalle, ya ware hannuwansa biyu har iyakarsu, ya ce kowane yaro a tsibirin nan zai iya buga rubutu ido a rufe kafin Kirsimeti. Bai faɗi wace Kirsimetin ba, kuma irin wannan hikima sai manya. Aka loda masa aladun da tabarmin a mota. Kwamfutocin kuwa suka ci gaba da barci a kwalayensu har shekara ta juyo, domin wanda aka ba izinin yanke selotef ɗin ya tafi taro ƙasar waje.

Da aka buɗe su a bana, sai ga manhajar koyon buga rubutu a ciki, mai zanen wani ɗan kunkuru yana murmushi. Abin da kunkurun ke fara tambaya shi ne sunan yaro. Yara suka yi layi, kowa ya buga nasa, kunkuru yana yi musu tafi. Da aka zo kan ʻOfa, malamarsu ta duba kibod sama da ƙasa ba ta ga fakauʻa ba, 'yar ƙugiyar nan tamu da ke tsayawa a gaban harafi ta ce wa maƙogwaro ya ɗan dakata. Ta gwada wata alama mai kama da ita. Kunkuru ya ɗaure fuska, ya ce shi haruffa kawai yake karɓa. Yara na jira, malama ita kaɗai ce a kansu, sai ta buga abin da ya samu. Tun daga ranar, kullum safiya kunkurun Kwamiti yana gaida 'yata da manyan baƙaƙe: Ofa.

Ku da aka goya da harshen nan namu kun riga kun gane. Da ƙugiya, sunan 'yata ƙauna ne. Babu ƙugiya, ya koma gaba, awon nan da masunta ke yi wa igiya, daga bakin yatsan wannan hannu zuwa na wancan. Yara kuma ba sa barin irin wannan ta wuce su. Sosaia ɗan gidan mai kwale-kwale ne ya fara, saura suka ɗauka. Duk inda ta gifta sai su ware hannuwa su ce, "Gaba nawa ne yau, Ofa?"

Ban san ana yi ba sai ranar da na same ta tana goge ƙugiyar daga bangon littafinta, har takardar ta kusa hujewa.

"Ke, me kike yi haka?"

"Ba harafi ba ce, Mama. Kunkuru ya faɗa."

"Kunkurun ne ya haife ki? Ba ita ce ta ƙarshe a waƙar baƙaƙen da kuke rerawa ba?"

"To me ya sa ba ta da ɗaki a kibod? Kowa yana da ɗakinsa. Har Q."

Ni da nake cika muku shafin nan da surutu duk mako, 'yar shekara shida ta ƙure ni a gaban murhu.

Sunan nan kuwa ba a hanya na tsince shi ba. Gwaggonta ce ta raɗa mata, Yaya Makeleta, yayar mijina da ke zaune can ƙetare a Auckland. Ba sai na gaya muku girman gwaggo a wajenmu ba, abin da ta ba yaro ba a gutsure masa gefe. Na hango ranar da ʻOfa za ta buga mata gaisuwa ta sa hannu da awon igiya, na hango kaina zaune a ƙasa ina bayani har Ista. Amma ba tsoron Yaya ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yarinya ƙarama ta fara yarda cewa in na'ura ba ta san ka ba, kai ne za ka rage kanka ka shiga.

Sai na yanke shawara irin ta uwa mai hankali. Zan sayo kibod mai ƙugiya a jikinsa, in ajiye a gabanta, in nuna mata ɗakin da yatsana. Dama na tsohuwar kwamfutarmu ta gida ya rasu tun ranar da ƙaninta ya shayar da shi ruwan kankana da kwakwa, tururuwa suka zo gaisuwa suka tare a ciki.

Motarmu babu mai. Jirgin dakon man ya yi lattin da ya saba, wanda manyanmu ke kira "yana hanya". Sai na bi maƙwabcinmu Baba Kelepi a akori-kurarsa, bisa sharaɗin zan taya shi zaman layi. Layin ya taso daga gidan mai, ya wuce coci, ya gangara har bakin ruwa. Ina zaune ina fifita da abin da ke hannuna.

"Losaline 'yata, hannun wa kika yanko haka?"

"Na ʻOfa ne, Baba. Awo zan yi da shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wato yara sun ce sunanta awo, ke kuma uwarta kin fito da ma'auni ki tabbatar musu."

"Baba, maganar ilimi fa ake yi."

"Ni ma ita nake yi. A zamanin tafireta, in an gama bugawa, da biro ake bin takarda ana ɗiga ƙugiyoyin nan. Ban ji wanda ya mutu ba."

"Gilashin kwamfuta ba ya karɓar biro."

"To ki kai kuka wajen masu almakashi. Amma ki tafi da alade, kunnensu ba ya buɗewa sai hanci ya ba shi labari."

Motar gabanmu ta ɗan motsa, muka bi ta, ta tsaya. Baba ya leƙa ta taga ya ce, "Kin ga, mun ci gaba biyu. Ki gaya wa jikata an yi amfani da sunanta yau." Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi.

Mai kanti, bawan Allah, da fara'a ya tarbe ni. Ya fara kawo na yara, mai maɓallai manya-manya kamar biskit, ja da kore da rawaya. Na ɗora hannun kwali, yatsun ba su kai ko'ina ba. Na kuma ce yarinyar da ta saba neman ja da kore, ran da aka zaunar da ita gaban baƙi na makaranta za ta tsaya kamar wadda jirgi ya sauke a tsibirin da ba nasu ba. Ya kawo marar waya. Na ce batirinsa a jirgin man nan zai zo, kuma abin da ba a ɗaure ba ƙaninta zai kai wa aladu su gani. Ya kawo na masu wasa, yana walƙiya kamar motar amarya, kowane maɓalli in ka danna sai ka ce kwakwa aka fasa. Na ce gidanmu ɗaki biyu ne, kuma ina son aurena. Ya kawo na roba mai naɗewa kamar tabarma, wanda ruwa ba ya yi wa komai. Wannan ya ɗan ja hankalina, sai da na danna na ji kamar ɗanyen kifi nake matsawa. Daga ƙarshe ya jawo wani ƙarami daga ƙasan kanta, baƙi, mai waya, babu kwalliya, maɓallansa da laushi. Hannun kwali ya zauna a kansa daram.

"Madalla, uwar ɗakina. A naɗe miki?"

"Ina ƙugiyar?"

"Wace ƙugiya?"

"Fakauʻa mana."

Ya dube ni, ya dubi kwalayen da ke warwatse a ƙasa. "Uwar ɗakina, wa zai ƙera mana wannan? Mu nawa ne duka-duka a duniya?"

A nan ne na yi abin da ya jawo rakiyar. Na ɗaga kibod ɗin sama, na juya wajen mutanen da suka zo sayen katin waya. Na ce ku dubi Q, a sahun gaba, can gefen da iska ke shigowa. Wace kalma tamu ya taɓa ɗauka? Ga X, ga Z, ga C da B da D, kowa da kujerarsa, babu wanda ya taɓa zuwa aiki a harshenmu ko na yini ɗaya. J kuwa har ɗan tudu aka yi masa, don yatsa ya riƙa kai masa gaisuwa. Amma wadda ke aiki tun safe, wadda in ta yi fashi sumba ke komawa kafaɗa, ƙauna ta koma igiya, ba ta samu ko benci ba. Na ce wannan ba kibod ba ne, hoton Kwamiti ne aka ɗauka ranar rantsarwa. Wata tsohuwa a bayan layi ta ce, "Amin." Na sani sarai yaranmu suna koyon Turanci, kuma wata rana Q zai yi musu amfani. A lokacin dai ba adalci na fito yi ba.

Tunda na riga na zubar da rabin mutuncina na ranar, na ce bari in kai sauran ofishin Kwamiti. Mai Girma Mai Almakashi ba ya nan. Mataimakinsa, Mai Girma Mai Riƙe da Kuben Almakashi, shi ya karɓe ni, da mutunci ƙwarai, ya saurare ni ido a lumshe. Ya ce wannan magana ce mai nauyi, har an kafa mata ƙaramin kwamiti, kuma ba da jimawa ba za su zaga ƙasashen waje su ga yadda ake rataya ƙugiya a can. Na ce ranka ya daɗe, kafin su dawo fa? Ya buɗe ido ɗaya.

"Ba za a sauya wa yarinyar suna ba? Akwai sunaye masu daɗi da kunkurun ke karɓa."

Na yi godiya, domin haka aka koya mini in yi wa manya, kuma domin abin da ke hannuna kwali ne kawai.

A gida na zazzage wa mijina Sefita labarin duka. Ya saurara yana ɓare rogo, sannan ya ce, "Ki kira Yaya."

"Kai ka kira ta mana. Ba yayarka ba ce?"

"Ai don yayata ce ba zan iya ba. Kin taɓa ganin na haɗa magana uku a gabanta?"

Ranar Asabar na kira ta, kiran da ake ganin juna. Sai da na ɗaura tabarma a ƙugu kafin in danna, ku yi dariya in kun ga dama. Na faɗi komai kaina a sunkuye. Yaya Makeleta ta gyara tabarau.

"Losaline. Wato kin zaga gari da hannun 'yata na kwali, kina neman harafi a kanti."

"Yaya, na ɗauka ko..."

"Kibod ba shi da harshe, ke. Fentin da kike gani a kan maɓalli na masu ƙerawa ne. Abin da aka gaya wa kwamfuta, shi take fitarwa. Tun kafin ki auri ƙanena nake buga takardar waƙoƙin cocinmu a nan. Kin taɓa ganin ƙugiya ɗaya ta ɓace?"

"Ban taɓa ba, Yaya."

"To je ki sayo ƙaramin baƙin nan da kika ce ya dace da hannunta. Ki ba mutumin haƙuri. Sannan ki kira ni. Kuma ki ce wa Sefita ya fito daga bayan labule, ina ganin ƙafarsa."

Lahadi ko allura ba a sayarwa, don haka na samu yini guda cur na zama da kunyata a coci. Litinin na koma. Mai kanti yana hango ni ya fara tura kwalaye ƙarƙashin kanta da ƙafa.

"Baƙin nan nake so," na ce. "Kuma ka yi haƙuri."

"Babu ƙugiya fa."

"Na sani."

"Q ma yana nan inda kika bar shi."

"A ƙyale shi, yana da iyali."

Da yamma Yaya ta ja ni ta waya kamar makauniya. Shiga nan, ba nan ba, Losaline ina kika kai idonki, nemi inda aka jera harsuna, gangara, ƙara gangarawa. Sai ga namu a can ƙasa, yana zaune shiru, wa ya san tun yaushe. Na zaɓe shi. Ta ce in danna wani maɓalli a gefe wanda ban taɓa ko gaisarwa ba. Na danna, ƙugiya ta fito a gilashi, tsaf da ita, kamar ba ita aka yi ta nema ba. Na ɗauko jan farce da tsinke na zana ta a kan maɓallin, na hura har ya bushe, sannan na ƙwala wa ʻOfa kira.

"Zo ki gani. Ga ɗakinta."

Ta sunkuya ta duba da kyau. "Mama, kin juya ta baibai."

Daga cikin waya na ji Yaya ta yi wani ɗan tari. Na goge, na sake zanawa.

ʻOfa ta hau kujera, ta jera yatsunta yadda malama ta koya musu, suka kai ko'ina ba tare da ta miƙa ba. Ta danna jan maɓallin, sannan sauran ukun, a hankali, harshe a waje. Sunan ya fito cikakke. Ta sake bugawa. Ta sake. Ba ta tsaya ba sai da gilashin ya cika da ita daga sama har ƙasa. Yaya ta ce hoton ya fara yi mata hazo, bari ta kashe, alhali mu muna ganinta tar.

"Kunkurun makaranta fa, Mama?"

Na ce wannan sai ƙaramin kwamiti ya dawo daga tafiyar da bai riga ya yi ba. Na ce amma gobe zan je in ga uwar Sosaia, na ma shirya abin da zan faɗa mata, kashi uku da rufewa. ʻOfa ta ce in bari. Na ce to, na bari.

Washegari lokacin tashi ina tsugune a bayan shingen furannin da ke ƙofar makaranta, domin bari iri-iri ne. Yara suka fito. Sosaia ya sha gabanta, ya ware hannuwa har yana ɗage, ya ce, "Gaba nawa ne yau?" Na yunƙura zan tashi, ƙaya ta riƙe mini tabarma. ʻOfa ta tsaya. Ta ɗaga ɗan yatsanta ta lanƙwasa shi kamar ƙugiya, ta riƙe a sama daidai bakin hannunsa.

"Ka manta da wannan," in ji ta. "Yanzu karanta."

Kafin ya gama tunani ta shige tsakanin hannuwan nan da ya buɗe da kansa, ta rungume shi ƙam a gaban 'yan aji duka. Jama'a, ban taɓa jin yaro ya yi irin wannan ihu ba tare da an taɓa lafiyarsa ba. Ya fizge, ya bar takalmi ɗaya, ya nufi bakin ruwa. Kwana biyun nan, in ji malama, duk namijin da ʻOfa ta gifta sai ya soke hannuwansa a hammata. Jiya na duba bangon littafinta. Ƙugiyar ta dawo, da jan fensir, ta fi O ɗin ma girma.

Kunkuru dai har yau Ofa yake cewa, kuma ina yi wa ƙaramin kwamiti fatan sauka lafiya a duk inda za su. Sai dai akwai haƙurin da ya kamata in ba Mai Girma Mai Almakashi a bainar jama'a. Ina tsugune a bayan shingen nan ne idona ya kai kan ƙyallen da Kwamiti ya rataya a ƙofar makaranta tun bara, wanda dukanmu muka karanta cewa suna ƙaunar yaranmu. Na duba kalmar ƙaunar da kyau, babu ƙugiya, awo ke nan. Ashe bawan Allah bai taɓa yi mana ƙarya ba. Ranar da ya ware hannuwan nan muka yi ta tafi, mu ne muka ɗauka runguma ce. Shi tabarmin yake aunawa, ya ga ko za su shiga bayan mota.